Littattafai uku, ga mai neman abin karantawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda ke son gane alaƙar sauyin yanayi da jari-hujja, ya fara da Oil on Water na Helon Habila, ɗan Gombe, wanda ya fito a 2010. Ba shi da tsawo, kuma labari ne: 'yan jarida biyu a cikin kwalekwale a Neja Delta, suna ratsa ruwan da mai ya lulluɓe, kifaye matattu suna yawo a sama. Bayan shi sai This Changes Everything na Naomi Klein, 2014. Wannan kam yana da nauyi, a riƙa cin babi ɗaya a mako. Hujjarta ita ce tsarin da riba ce gaba da komai ba zai iya rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ba.

Maganar iyalan da yaƙi ya raba kuwa, Half of a Yellow Sun na Chimamanda Adichie. Tagwaye ne, Olanna da Kainene, a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Babin kashe-kashen Kano zai yi wa ɗan Arewa ɗaci, ni ma sai da na ajiye shi kwana biyu. Don Allah kada a tsallake shi.