Daga Gombe zuwa Guangzhou: inda ake tafka kuskure wajen lissafin nisan tafiyar jirgi

Mai shirin zuwa sayo kaya a birnin Guangzhou na ƙasar China yakan duba waya, ya ga daga Abuja kusan kilomita 11,200 ne. Sai ya raba da gudun jirgin fasinja, wajen kilomita 850 a awa, ya sami awa 13, ya faɗa wa mai tarbarsa haka. To nan aka fara ɓata lissafi.

Wancan adadi nisan miƙe ne, kai kuwa ba miƙewa za ka yi ba. Daga filin jirgin Lawanti na Gombe sai ka fara sauka Abuja. Idan ta Addis Ababa ka bi, akwai kusan kilomita 3,500 kafin can, sannan wajen 8,000 zuwa Guangzhou. Ƙarin kilomitocin bai taka kara ya karya ba. Abin da ke cinye lokaci shi ne zaman jiran jirgi na gaba. Don haka jimillar awannin da aka rubuta a tikiti za ka duba, har da na jira.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na agogo, domin shi ke sa mutum ya rasa jirgi da kuɗinsa. Kowane lokaci da ke jikin tikiti, lokacin garin da aka ambata ne. China tana gabanmu da awa 7, Habasha da Saudiyya kuwa da awa 2. Idan an ce za ka sauka ƙarfe 4 na yamma a Guangzhou, a Gombe ƙarfe 9 na safe ne, iyalinka suna cikin hantsi. Sai kuma tarkon tsakar dare: tikiti ya ce 00:30 ranar Talata, wannan daren Litinin ne za ka kasance a filin jirgi. Wanda ya bari sai daren Talata zai tarar jirginsa ya tashi tun jiya. Mai shan maganin suga ko hawan jini ya tambayi likitansa yadda zai daidaita lokacin sha kafin tafiya.

Wasu suna haɗa mil da kilomita. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, milin da matuƙan jirgi ke amfani da shi kuma 1.852.

Kada ka ɗauka zuwa da dawowa ɗaya ne. A can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa New York zuwa Landan yakan ɗauki wajen awa 7, komawar kuma kusan 8.

Hanyar ma takan canza. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazanmu sai da suka yi zagaye kafin su isa Saudiyya. Saboda haka kada ka dogara da lissafin wanda ya je shekarun baya, ka tambayi wanda ya yanka maka tikiti ta ina jirgin zai bi bana.