Yadda Za Ka Kalli Gine-ginen Japan

Ka fara da birnin Nara. Hau jirgin ƙasa zuwa Horyuji, haikalin da aka kafa a 607, wanda gine-ginensa na katako ke cikin mafi tsufa a duniya. Je ka da sassafe, ka tsaya gindin hasumiyar nan mai hawa biyar, ka ɗaga kai ka ga yadda aka sarƙa katako cikin katako. Ni nan na fi daɗewa, na kasa tafiya.

Sai fadar Himeji. Sa safa mai kauri, don cire takalmi ake yi, matakalan kuma a tsaye suke.

Na zamani kuwa, nemi cocin da mai zanen gine-gine Tadao Ando ya zana a Ibaraki, kusa da Osaka, wanda aka kammala a 1989. Siminti ne zalla, haske na shigowa ta tsagar gicciye a bango. Nemi izini tukuna, wurin ibada ne.