Yadda na haɗa wayata da rediyon motar haya

Mun ɗauki motar haya a unguwar Nima da ke Accra, ni da Kawu, za mu Kumasi ɗaurin aure. Shi kuwa ba ya doguwar tafiya sai da karatun Alƙur'ani. Na kunna Bluetooth, waya ta yi ta lalube, sunan motar bai fito ba har muka wuce Nsawam.

A Nkawkaw na tsaya, na ja birkin hannu, sai wurin haɗa sabuwar waya ya buɗe a allon motar. Ashe motoci da yawa kan kulle shi muddin ana tafiya. Na danna, ta nuna wuri ya cika: wayoyi 5 na waɗanda suka yi hayarta kafin mu suna ciki. Na goge su kaf. Lambobi 6 suka fito a allon motar, irinsu a wayata, na amince.

Kira na shiga, karatu kuwa shiru. Na koma saitin waya, ƙarƙashin sunan motar, na kunna na sauti, sannan na mayar da rediyon daga FM zuwa Bluetooth.

"Yauwa ɗana, ƙara murya," in ji Kawu.

Da motar ta nemi kwasar lambobin mutanena na ƙi, tunda ba tawa ba ce. Ranar mayar da ita na goge sunan wayata daga ciki kafin in miƙa makulli.