Yadda Ake Samun Lambar Mota a Accra da Kafa Ta Bisa Doka

Duk motar da za ta hau titi a Ghana sai da lamba biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi da rajistar motoci, wadda aka kafa a 1999, ita kaɗai ke da ikon bayar da su. Dokar hanya ta 2004 da ƙa'idojin 2012, waɗanda ake kira L.I. 2180, su ne 'yan sandan MTTD, masu kula da zirga-zirgar motoci, ke riƙe da su idan suka tsayar da kai a Nima ko a hanyar Madina.

Fara da takardu. Idan motar daga tashar jiragen ruwa ta Tema ta fito, ka haɗa takardun kwastan da ke nuna an biya kuɗin fito, da Ghana Card ɗinka, wato katin shaidar ɗan ƙasa, sannan ka yanki inshora. Ka tuƙa motar zuwa ofishin DVLA, ko na unguwar 37 ko na Weija, domin sai sun duba lafiyarta, sun kuma gwada lambar shasi da wadda ke rubuce a takarda. Kuɗin ka biya su inda hukuma ta ce, ka karɓi rasit. 'Yan goro boys da ke tare mutum a bakin ƙofa suna alkawarin sauri, don Allah ka wuce su. Ta hannun irinsu lambar bogi ke shiga gari, kuma ranar da asiri ya tonu mai mota ake kamawa.

Kafin a buga lambar, ka faɗi gaskiyar aikin da motar za ta yi, don launi ya danganta da shi. Fara mai baƙin rubutu ta motar gida ce. Rawaya ta haya ce, irin tasi da trotro, wato ƙananan bas na fasinja. Shuɗiya ta babur ce, koriya mai GV kuma ta gwamnati. Wanda ya yi rajista da fara, daga baya ya soma ɗaukar fasinja, ya koma DVLA a sauya masa. Abin da ke tayar min da hankali a nan fasinjojin ne: in aka yi haɗari, kamfanin inshora na iya cewa ba don haya ya rufe motar ba, a bar marasa lafiya da kuɗin asibiti.

Idan ka karɓa, ka karanta ta a nan take. Haruffan farko na yanki ne, kamar GR, GW ko GT a yankin Greater Accra, AS a Ashanti. A tsarin da aka soma a 2009, lambobi suna ƙarewa da shekarar rajista. Harafi ɗaya in ya saɓa da na takarda, kada ka bar wurin sai an gyara.

Sai kafawa. Ka ɗaure kowace a mazauninta da noti, a miƙe, yadda ba za ta yi lilo ba. Ajiye ta a bayan gilashi ba kafawa ba ce. Kada ka rufe ta da baƙar roba, kada ƙarfen ado ya cinye harafi, kada ka kai ta wurin mai zane ya sauya salon rubutun ko ya liƙa mata sunan ɗanka. Mai son lambar suna, DVLA na sayar da ita a hukumance. Ka duba ƙwan da ke haska ta baya da daddare, ka kuma riƙa goge ta lokacin damina da hunturu.

Lambar DV ta dillalan mota ce, don gwaji da kai mota wurin gyara ko wurin mai saye, kuma tana tafiya da littafin da ake rubuta kowace fita. DP kuwa ta fitowa daga tashar jiragen ruwa ce kawai. Masu yawo da su wata da watanni, suna jiran sabuwar shekara don motar ta yi daraja, karya doka suke yi.

Idan lamba ta faɗi ko an sace, ka kai rahoto caji ofis a ranar, ka karɓi takardar shaida, ka kai DVLA a sake maka. Idan kuma ka sayar da mota, ko da ɗan uwanka ne ya saya, ku je tare a sauya suna. Muddin ba a yi haka ba, duk laifin da aka yi da lambar, ƙofar gidanka za a fara ƙwanƙwasawa.