Kurakuran da makarantunmu suka tafka a zamanin korona, da yadda za a gyara su

A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya, wani ɗan Italiya a Legas. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, a ƙarshen Afrilu kuma Shugaba Buhari ya ƙaƙaba wa Kano dokar kulle. Sai 4 ga Agusta 'yan ajin ƙarshe suka koma don jarrabawar WAEC, wadda aka fara ranar 17 ga watan. A tsakanin nan makarantu sun yi ta faɗi-tashi, kuma da yawa sun kwaikwayi abin da suka gani a talabijin ba tare da duba ko zai yi aiki a nan ba. Annoba ba ta sallama idan za ta zo, don haka gara a tuna inda aka yi tuntuɓe.

Kuskure mafi girma shi ne ɗauka cewa karatu ta intanet yana nufin Zoom, manhajar taro ta bidiyo. Malami ya tsaya gaban waya da ƙarfe tara na safe yana jiran ɗalibai arba'in, shida suka shigo, biyu daga cikinsu murya na yankewa. Ba lalacin yara ba ne. A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, ta maigida, kuma tana aljihunsa a kasuwa har magariba. Idan ta dawo, ko babu caji ko babu data. Darasin bidiyo kai tsaye na awa ɗaya yana lashe ɗaruruwan megabayit, Zoom na kyauta kuma yana katse taro bayan minti 40. Saƙon murya na minti biyar a WhatsApp bai kai megabayit biyu ba, kuma yana nan yana jiran yaro har wayar ta dawo gida.

Gyaran shi ne a fara da tambaya kafin a zaɓi manhaja: wace irin waya ce a gidan, ta wace ce, kuma yaushe take samuwa? Da wannan amsar ake tsara darasi. A yi shi gajere, murya ɗaya da hoton allo ko na takarda da aka rubuta da manyan haruffa, sannan a ba da kwana biyu kafin a karɓi amsa. Wanda ya sauke darasin zai iya tura wa maƙwabta ta Xender ko Bluetooth ba tare da an kashe ko kwabo ba. Masu ƙananan wayoyi a zuba musu a katin memori.

Akwai kuma raina rediyo da aka yi. Jihohi irin su Kaduna da Kano sun watsa darussa ta rediyo da talabijin, amma malamai da dama ba su ɗauke su a bakin komai ba, wai ba na zamani ba ne. Alhali rediyo ce ke shiga ƙauyen da babu sabis, da batir biyu kawai. Abin da ya rage mata shi ne ba ta jin tambayar ɗalibi. Nan malamin aji zai shigo: ya san jadawalin shirin, ya aika wa iyaye gajeren saƙo cewa gobe da ƙarfe kaza akwai lissafi, bayan an gama ya tura tambayoyi uku.

Zauren WhatsApp ma ya zama wata fitina. A lokacin mutum 256 yake ɗauka, sai aka tara iyaye da ɗalibai da malamai wuri ɗaya. Kafin azahar darasi ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a, da hotunan biki, da saƙon wani da ya gano maganin korona. A rufe zauren darasi ta yadda malami kaɗai ke iya aikawa, a buɗe wani daban na tambayoyi. A kuma kula da lambobin 'yan mata, domin duk wanda ke cikin zaure yana ganin lambar kowa. Gara a yi amfani da lambar uwa ko uba.

Batun jarrabawa ta waya kuwa, kada malami ya yaudari kansa. Idan tambayar cike gurbi ce, yaya ko Google ne zai amsa. A ce wa yaro ya yi bayani da muryarsa na minti ɗaya yadda ya kai ga amsar. Nan take ake gane wanda ya fahimta.

Da aka koma aji, sai wani sabon salo ya ɓullo. Maigadi na bakin ƙofa da na'urar auna zafin jiki, yana ɗora wa kowa a goshi, wani lokaci ko duba lambar ba ya yi. Na'urar ba laifi ba ce, amma mai ɗauke da cutar yana iya yaɗa ta jikinsa bai yi zafi ba, kuma a yara hakan ya fi yawa. Wanda ya wuce ƙofa sai ya shiga ajin da aka cusa mutum tamanin, tagogi a rufe saboda ƙura. An bar jaki ana dukan taiki. An ɓata kuɗi wajen feshin bango da harabar makaranta, alhali cutar ta fi yaɗuwa ta numfashi a ɗaki mai cunkoso. Buɗe tagogi da ƙofa ta yadda iska za ta ratsa, raba aji zuwa 'yan safe da 'yan yamma, ko fita ƙarƙashin bishiya idan akwai inuwa, duk sun fi feshin amfani, kuma kusan kyauta ne. Fesa wa mutum sinadarin kilorin a jiki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa, domin yana cutar da ido da fata kuma ba ya taɓa ƙwayar cutar da ke cikin jiki.

Takunkumi a haɓa ado ne kawai. Dole ya rufe hanci da baki, na yadi a wanke shi kullum, kada kuma yara su riƙa musaya don na wani ya fi kyau. Gilashin robar nan da ake rataya wa a fuska ba ya maye gurbinsa.

Wankin hannu ma an yi masa riƙon sakainar kashi. Na ga makarantar da ta ajiye baho ɗaya kowa na tsoma hannu a ciki. Ana buƙatar ruwa mai zuba da sabulu, a cuɗa na daƙiƙa 20 aƙalla. Bokiti mai famfo, wanda wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro, ya wadatar, in dai an naɗa wanda zai riƙa cika shi. Yawancinsu mako biyu suka yi da ruwa, daga nan suka zama kayan nuna wa masu duba makarantu. Man tsaftace hannu kuwa sai sinadarin alkohol ɗinsa ya kai kashi 60 cikin ɗari, kuma ba ya aiki sosai a hannun da ya yi dumu-dumu da ƙasa ko maiƙo.

Saura jita-jita. Masu shekaru za su tuna daren Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka yi ta tashin mutane a waya wai su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha. Wasu sun kwanta asibiti, wasu sun rasa rayukansu. Iyaye suna gaskata abin da ya fito daga wayar malami fiye da na kowa. Kafin ya tura wani saƙo game da magani ko rigakafi, ya duba ko hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ko ma'aikatar lafiya ta jiharsa ta faɗi haka. In bai samu ba, ya goge shi.