Yadda ɗalibi zai ci abinci mai gina jiki a Legas da ɗan kuɗin da ke hannunsa

Ɗalibin da ke karatu a Akoka, Yaba ko Ojo yakan yi sammako saboda cunkoson hanya, ya dawo da dare a gajiye. A haka abincinsa ke komawa burodin Agege da shayi da safe, indomi da dare. Ciki ya cika, amma kusan duk sitaci ne.

Wake za ka mayar ginshiƙi. Ku haɗa kuɗi da abokan ɗakinku ku sayo shi da ɗan yawa a kasuwar Mile 12, tare da albasa, gyaɗa da busasshen kifi, tunda waɗannan ba sa neman firij. Ka jiƙa waken sa'o'i 6 zuwa 8, ka zubar da ruwan, ka dafa da sabo. Zai nuna da wuri, gas ɗinka ya yi auki, kumburin ciki kuma ya ragu. Kanwa tana sa shi laushi nan da nan, sai dai tana lalata wani ɓangare na bitamin B da ke cikinsa, don haka jiƙon ya fi. Wake da shinkafa ko wake da burodi suna cike wa juna giɓi wajen gina jiki.

Ba sai ka bar indomi ba, gyara shi za ka yi. Zuba rabin garin ɗanɗanon kawai, ka fasa ƙwai ɗaya, ka yanka karas da kabeji ko alayyahu, ka sa ganyen a mintuna biyun ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin magi. Lemon kwalba mai 50cl kuwa yakan ɗauki sukari wajen cokalin shayi 12. Kuɗinsa ya fi amfani a kan ayaba da gyaɗa.

Ke ɗaliba, jinin al'ada yana rage miki sinadarin ƙarfe, shi ya sa yawan kasala da jiri a aji ba abin rainawa ba ne. Ki yawaita wake, ganye, hanta da kifi, ki bi su da lemon zaƙi. Shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin, ki jinkirta shi sa'a guda bayan cin abinci.

Sai ruwa. Legas ta yi fama da kwalara a 2024. Duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin ruwan leda, na rijiya ko na mai kura kuma a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka. Dafaffiyar shinkafa kada ta wuce sa'o'i biyu a buɗe cikin zafi: ƙwayar cutar da ke hayayyafa a cikinta tana barin gubar da ɗumame ba ya kashewa. In babu wutar lantarki ko firij, dafa daidai cikinka.

Idan gudawa ta kama ka, juye ruwan leda biyu, lita ɗaya ke nan, ka sa sukari cokalin shayi 6 shafaffu da rabin cokalin shayi na gishiri, ka riƙa kurɓa. Gishirin in ya zarce haka illa yake yi. In ka ga jini a bayan gida, ko bayan gidan ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko amai ya hana ruwa zama, a wuce asibiti a take.