Yadda na gyara sunayen da suka lalace da na kwashe salsalar gidanmu zuwa Gramps

Shekara uku ina tara salsalar gidanmu a wani shafin intanet, sai na ga gara ta dawo cikin kwamfutata. Na zaɓi Gramps, manhajar adana salsala a kwamfuta, saboda kyauta ce, kuma tana aiki ko babu data.

Na sauke fayil ɗin GEDCOM (irin fayil ɗin da ake kwashe bayanan salsala da shi) daga shafin, na shigar da shi cikin Gramps. Ina buɗewa gabana ya faɗi: duk sunan da ke da ƙ, ɗ ko ɓ ya rikiɗe ya zama wasu alamomi marasa kan gado. Sunan kakata Ɗayyaba ma ban gane shi ba.

Da na buɗe fayil ɗin da Notepad++ (manhajar gyara rubutu), sai na ga layin CHAR da ke can sama, wanda ke nuna tsarin haruffan fayil ɗin, an rubuta ANSEL, alhali rubutun ciki da tsarin UTF-8 yake. Na mayar da layin "1 CHAR UTF-8", na adana, na buɗe sabuwar bishiyar salsala a Gramps (kada a zuba kan tsohuwar, mutane za su ninku), na sake shigarwa. Sunaye suka dawo daidai.

Hotuna kuwa GEDCOM ba ya ɗauke da su, ɗaya bayan ɗaya na sauke su na haɗa kowanne da mai shi.